Babi na Biyar: Shaidun da Ba Su Ci Goro Ba

An yi zamanin da aure kaɗai yake mayar da baƙo ɗan ƙasa a Amurka. A 1855 majalisar dokokin ƙasar ta zartar cewa baƙuwar da ta auri Ba'amurke ta zama 'yar ƙasa tun daga ranar auren, muddin tana cikin jinsin da doka ta yarda a ba su wannan matsayi. A 1907 aka ƙara wata dokar da ta juya abin ta ɗaya gefen: Ba'amurkiyar da ta auri baƙo ita ce za ta rasa ƙasarta, ta bi ta mijinta. Dokar Cable ta 1922 ce ta fara warware wannan ƙulli, ta raba aure da zama ɗan ƙasa. Shekara ɗari ke nan da 'yan kai, amma har gobe in aka ce wane ya auri Ba'amurkiya, abin da za ka ji a majalisa shi ne, "Ai shi kam ya haye."

Bai haye ba tukuna. Abin da auren ya ba shi izini ne na shiga layi, kuma layin yana bi ta gaban hukumomi uku. Akwai USCIS, hukumar da aka kafa a 2003 don kula da takardun baƙi. Akwai jami'an kan iyaka da ke tsaye a filin jirgi. Akwai kuma IRS, masu karɓar haraji. Kowace da irin tambayarta, amma labari ɗaya suke karantawa, kuma abin da ka faɗa wa ɗaya yana iya isa teburin ɗaya bayan shekara biyar. Ba maƙaryata kaɗai ke shiga uku a wannan hanya ba. Sau da yawa mai gaskiya ne da ya ba hukumomi uku labari iri uku ba tare da ya lura ba.

Mu fara da auren kansa, domin a nan ne al'adarmu da dokarsu suke fara karo. A wurinmu aure ya ɗauru idan waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, aka ambaci sadaki, shaidu suka ji, aka shafa fatiha. Amarya tana cikin gida, ango ma sau da yawa yana can gefe cikin abokai, wani lokacin ma ba ya garin gaba ɗaya. Babu wanda zai ce auren bai yi ba. To, dokar shige da fice ta Amurka tana da wani sashe da ya ce auren da aka ɗaura ba tare da ma'auratan biyu suna wuri ɗaya a gaban juna ba, ba a lissafa shi sai idan sun tare bayan ɗaurin. Saurayin da ke aiki a Bronx ko Greensboro, wanda baffansa ya karɓar masa aure a Zinder ko Kumasi alhali shi yana kallo ta waya, ba zai iya nema wa matarsa biza ba sai ya hau jirgi ya je sun zauna tare. Kuma zuwan ma sai ya bar sawu: tikitin jirgi, hatimin shiga a fasfo, hotuna masu kwanan wata da ya biyo bayan ranar aure. Zaman da aka yi kafin ɗaurin ba ya cikin lissafi.

Na biyu shi ne mace fiye da ɗaya. Tun 1891 dokar Amurka ta rufe ƙofa ga masu auren mata da yawa, kuma har yau wanda zai shiga ƙasar da niyyar zama da mata biyu ba a ba shi izinin zama. Idan mutum yana da uwargida a Katsina ya je ya auri Ba'amurkiya, a idon hukuma auren farko ne aure, na biyun babu shi. In kuwa ya ce ya rabu da ta farko, za a ce ya kawo takarda. Saki na baki, ko 'yar wasiƙar da aka ba yaro ya kai gidan surukai, ba ya gamsar da jami'in da ke zaune a Texas. Ana son takardar kotu mai hatimi, wadda kwanan watanta ya riga ranar sabon auren. Wasu kan bi ta bayan gida: a yi takardar saki ta bogi, uwargida tana nan a ɗakinta, da niyyar a ɗauko ta daga baya. Wannan dabara tsohuwa ce, jami'an sun san ta, kuma haihuwar da uwargida za ta yi bayan ranar "sakin" ita ce take tona asiri.

Sai sunaye da shekaru, wanda ƙaramin abu ne mai cin watanni. Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a fasfo, Mamman a takardar makaranta. Sunan uba a wuri ɗaya, sunan gari a wani. Ranar haihuwa kuma ɗaya ga Janairu, saboda ita malamin firamare ya ga dama ya rubuta. A Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, kuma ga wanda ba a yi wa rajista yana jariri ba tana ba da takardar tabbatarwa. Kafin a cike fom ko ɗaya, a baje duk takardun a tabarma a ga inda suka saɓa, a gyara abin da zai gyaru, abin da ba zai gyaru ba a bayyana shi a gurbin da fom ya tanada don sauran sunayen da mutum ya taɓa amfani da su.

Hanyar neman katin zama, wanda kowa ke kira girin-kad, biyu ce, kuma inda baƙon yake shi ke zaɓar masa. A duka biyun ɗan ƙasar ne ke buɗe fayil da fom I-130. Idan matar ko mijin yana gida, fayil ɗin zai wuce cibiyar biza da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, a cike fom DS-260, a kawo takardar 'yan sanda da ta gwajin asibiti, sannan a jira ranar intabiyu. Ga 'yan Najeriya wannan intabiyu a ƙaramin ofishin jakadanci na Legas ake yin sa, ko da mutum daga Sakkwato ya fito. Idan kuwa baƙon yana cikin Amurka, kuma ya shigo ta ƙofa jami'i ya duba fasfonsa, yana iya haɗa I-130 da I-485 ya nemi a sauya masa matsayi ba tare da ya fita ba. Matar ɗan ƙasa ko mijin 'yar ƙasa suna da gata biyu a nan: babu adadin da aka ƙayyade musu a shekara, kuma ana yafe musu wuce wa'adin biza da aikin da suka yi ba izini. Amma gatan bai kai ga wanda ya tsallako iyaka ta daji ba, bai kuma wanke wanda ya ce wa jami'in biza yawon buɗe ido zai je alhali kayan aurensa na cikin akwati ba. 'Ya'yan da baƙon ya zo da su daga wani auren kowa da nasa I-130, kuma sai in an ɗaura sabon auren kafin yaron ya cika shekara 18.

Akwai takardar da ɗan ƙasa ke sa wa hannu cikin zumuɗin amarci, wadda ya kamata ya karanta sau biyu. Sunanta I-864, alƙawarin ɗaukar nauyi. Zai nuna cewa abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci da gwamnati ke fitarwa duk shekara, in bai kai ba ya nemo wanda zai tsaya tare da shi. Shaidar da ake nema ita ce takardar harajinsa, ka ga tun a nan IRS ta shigo zancen. Nauyin ba ya sauka sai baƙon ya zama ɗan ƙasa, ko ya tara aikin kwata arba'in, wato kusan shekara goma, ko ya bar ƙasar ya ajiye katinsa, ko ɗayansu ya rasu. Saki ba ya cikin jerin. Kotunan Amurka sun sha tilasta wa tsohon miji ko tsohuwar mata ci gaba da biya bayan aure ya mutu. Wanda aboki ya roƙa ya "ara masa sa hannu kawai" ya san cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Yanzu ga tambayar da komai ya rataya a kanta: auren na gaske ne? Ma'aunin da kotu ta kafa a shari'ar Bark ta 1975 shi ne ko ma'auratan sun yi niyyar gina rayuwa tare a lokacin da suka yi auren. Niyya a zuci take, jami'i kuma ba ya ganin zuci, saboda haka yake neman sawunta a takarda: asusun banki mai suna biyu, takardar haya mai suna biyu, inshorar lafiya da ta mota, takardar haraji ta haɗin gwiwa, takardar haihuwar yaro. Mutum ɗari biyar da suka halarci ɗaurin aure suka ci goro ba su kai takardar kuɗin wuta mai ɗauke da sunan miji da mata nauyi ba.

A nan nake ganin ma'aunin bai yi wa irinmu adalci ba, ko da yake fushi da shi ba ya canza shi. A tarbiyyar Musulunci dukiyar mace tata ce, ciyarwa da muhalli na miji ne, don haka gida mai lafiya ƙalau yana iya shekara goma ba a haɗa asusu ba. Kunya tana hana mace ambatar sunan mijinta, balle ta rungume shi a hoto. Da yawa ba su san ranar haihuwar surukarsu ba, domin ita ma ba ta taɓa bikinta ba. Wanda aka haɗa shi da 'yar baffansa ba shi da labarin "inda muka fara haɗuwa" irin wanda jami'i ya saba ji. Duk waɗannan, a idon wanda aka horar ya farauto auren takarda, alamun tambaya ne. Idan shakka ta yi yawa sai a raba miji da mata ɗaki daban-daban, a yi musu tambayoyi iri ɗaya a gwada amsoshin: me kuka ci jiya da dare, wa ke kwana ta gefen taga, wane launi ne labulen falo. Ana kiran wannan intabiyun Stokes, daga sunan wata shari'a da aka yi a New York a shekarun 1970. Maganinsa ba hadda ba ce. Wanda bai tuna ba ya ce bai tuna ba, wanda al'ada ta hana shi wani abu ya bayyana al'adar a fili. Tun daga watan farko kuma a buɗe asusu ɗaya na cefane da haya wanda kuɗi ke shiga suna fita da gaske, kowa ya riƙe nasa na daban in yana so. Hakan bai taɓa haƙƙin kowa ba.

Dalilin wannan tsanani yana cikin dokar 1986 ta yaƙi da auren bogi. Ita ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara biyar da tarar da za ta kai dala 250,000 ga wanda ya yi aure don kauce wa dokar shige da fice, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Wanda aka taɓa samu da wannan laifi kuma ba za a sake amincewa da wata buƙatar zama da aka shigar dominsa ba har abada, ko da daga baya ya yi auren gaskiya ya haifi 'ya'ya biyar. Ita ce kuma ta ƙirƙiro katin gwaji: idan aure bai cika shekara biyu ba a ranar da aka ba mutum izinin zama, katin shekara biyu za a ba shi. Cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare, miji da mata za su shigar da I-751 tare, da sababbin shaidu na zaman da suka yi. In aka manta, matsayin ya faɗi da kansa. Ranar da ake dubawa ga mai zuwa daga gida ita ce ranar da ya sauka a Amurka, saboda haka wanda bizarsa ta fito ana saura wata ɗaya aurensa ya cika shekara biyu, in ya ɗan jinkirta tafiyar cikin wa'adin bizar, katin shekara goma zai samu kai tsaye.

Wannan shekara biyu ta zama sanda a hannun wasu. "Ni na kawo ki, ni zan mayar da ke." Ana faɗa wa mata, ana kuma faɗa wa maza. Ba gaskiya ba ne. Wanda aurensa na gaskiya ne amma ya mutu yana iya shigar da I-751 shi kaɗai da takardar saki. Wanda ake duka ko ake gallaza wa yana iya yi ba tare da ya jira saki ba. Dokar kare mata daga cin zarafi ta 1994 ta ba wanda ake zalunta damar nema wa kansa katin da fom I-360 ba tare da sanin mai zaluncin ba, kuma duk da sunan dokar, namiji ma yana shiga. Yarinyar da aka kai wata jiha mai nisa, ba ta jin Turanci sosai, fasfonta na cikin durowar miji, ya kamata iyayenta su san wannan tun kafin su raka ta filin jirgi.

Tafiya ita ce inda zuciya ke rinjayar lissafi. Wanda ya shigar da I-485 yana jira, in ya fita daga ƙasar ba tare da takardar izinin dawowa ba, wadda ake nema da fom I-131, hukuma za ta ɗauka ya janye buƙatarsa, in ban da masu wasu 'yan nau'o'in bizar aiki. Ga wanda ya riga ya wuce wa'adin bizarsa abin ya fi muni, domin dokar 1996 ta ce wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 sannan ya fita, ba zai dawo ba sai bayan shekara uku. In zaman ya kai shekara ɗaya, sai bayan goma. Fitar ce ke tayar da hukuncin. Sai ga waya da asuba: Baba ya rasu. Mu kuwa ba ma ajiye gawa, kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu jirgin da zai riski jana'iza ko da takardu na hannu. Abin da ya rage shi ne zaman makoki, da idon dangi, da masu cewa wane ya zama Bature ko gaisuwar ubansa bai zo ba. Ofisoshin USCIS suna ba da izinin gaggawa saboda rasuwa ko rashin lafiya mai tsanani idan aka kai shaida, kuma ya fi a nemi I-131 tun ranar da aka shigar da I-485, kafin a buƙace shi. Ko da shi a hannu, jami'in filin jirgi ne mai magana ta ƙarshe, don haka wanda ke da wani tabo a fayil ɗinsa ya ga lauya kafin ya sayi tikiti. Haka zancen yake ga Hajji da Umara: niyya ba ta ɓaci don an ɗaga ta zuwa baɗi.

Bayan kati ya fito ana tafiya a dawo, amma katin na mazauni ne, ba na mai ziyara ba. Wanda ya yi fiye da wata shida a waje zai sha tambaya a filin jirgi, kuma ana ɗauka zamansa ya katse a lissafin zama ɗan ƙasa sai in ya kawo hujja. Wanda ya shekara, katin kaɗai ba zai shigar da shi ba, sai in ya nemi izinin sake shiga kafin ya tafi, wanda ke aiki har shekara biyu. Masu zama a Abuja suna leƙa Amurka sati biyu duk wata biyar don "raya kati" suna wasa da wuta, domin abin da jami'i ke dubawa shi ne ina gidanka yake, ina aikinka, ina kake biyan haraji. Idan aka miƙo maka fom I-407 a filin jirgi aka ce ka sa hannu, ka san takardar ajiye kati ce da kanka. Kana da damar ƙi, ka ce a kai ka gaban alƙalin shige da fice.

Abu biyu kan kaya, tunda ba a dawowa daga gida hannu rabbana. Kuɗin da ya haura dala 10,000 dole a bayyana shi wa kwastan, fita ko shiga, kuma lissafin ya haɗa da saƙon da mutane suka ba ka da abin da ke jakar matarka in tare kuke. Ɗaukarsa ba laifi ba ne, ɓoyewar ce ke sa a ƙwace. Kilishi kuma, duk daɗinsa, nama ne, ba a shiga da shi. A bayyana duk abincin da aka ɗauko, su zaɓi abin da za su zubar.

Sama da duk wannan akwai siyasa, wadda ba ta tambayar ingancin auren kowa. A farkon 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama, Biden ya soke umarnin ranar da ya hau mulki a Janairun 2021. A Yunin 2025 aka fito da sabon jerin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa, da Chadi da Sudan a ciki, a Disamba kuma aka faɗaɗa shi ya taɓa Nijar da Najeriya. A 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar Muñoz, ta yanke cewa tsarin mulki bai ba ɗan ƙasa haƙƙin dole a shigo masa da wanda ya aura ba. Kuɗin fom da tsawon jira su ma suna canzawa, don haka shafin hukumar na ranar da za a cike shi ne abin dogaro, ba abin da ya yi wa wani aiki shekara uku da suka wuce ba.

Haraji shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne shaidar da ta fi kowace daɗewa. Dokar farko mai sauƙi ce: matsayinka na ranar 31 ga Disamba shi ne matsayinka na shekarar duka. Wanda aka ɗaura wa aure ranar 30 ga Disamba mai aure ne a takardar da zai shigar kafin 15 ga Afrilu, ko da amarya tana Maraɗi ba ta taɓa ganin Amurka ba. Ba zai rubuta cewa shi gwauro ne ba. Ko dai su cike tare, ko kowa daban a matsayin mai aure. In suna son cikewa tare alhali matar tana waje, doka ta yarda su zaɓi a ɗauke ta a matsayin mazauniya ta fuskar haraji, a nema mata lambar haraji ta ITIN da fom W-7, amma daga nan abin da take samu a gida ma ya shiga lissafi. Cikewa tare yawanci ta fi sauƙin kuɗi, ta kuma fi ƙarfi a gaban jami'in USCIS. Sai dai duk wanda ya sa hannu ya ɗauki alhakin takardar gaba ɗaya: in miji ya ɓoye kuɗin da ya samu a tuƙin tasi, IRS tana iya bin matar bashin duka, har bayan sun rabu. Akwai hanyar neman sassauci ga wadda ba ta sani ba, da fom 8857, amma karantawa kafin sa hannu ta fi ta arha.

A kowace unguwar baƙi akwai mai cike wa mutane haraji wanda aka san shi da "fito da kuɗi masu kauri". Yadda yake fito da su shi ne ya rubuta miji a matsayin mai riƙe da gida shi kaɗai, matar ma haka a wani adireshin, ko ya jera iyaye da ƙannen da ke gida a matsayin waɗanda kake ciyarwa. Kana ciyar da su kam, Allah ya sani, amma dokar ta ce wanda za a lissafa sai ɗan ƙasa, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Hajiya da ke Gusau ba ta ciki. Zakkar da aka aika wa mabuƙata a gida ko gudummawar ginin masallacin unguwa su ma ba a cire su daga haraji, sai abin da aka ba ƙungiyar da ke da rajista a Amurka. Dala dubu biyun da aka samu ta wannan hanya ita ce za ta dawo a ranar I-751, lokacin da jami'i zai ajiye takardu biyu gefe da gefe: a wannan kun rantse kuna gida ɗaya, a wannan kun rantse ba kwa tare. Wanne za a ɗauka? Wanda ya riga ya faɗa wannan rami yana iya gyara takardun baya da fom 1040-X ya biya abin da ya hau kansa, kuma gara ya yi kafin a tambaye shi.

Daga ranar da mutum ya karɓi katin zama, Amurka tana lissafa duk abin da ya samu a ko'ina cikin duniya. Hayar shagunan Kantin Kwari, ribar filin da aka sayar a Kaduna, kason da ke zuwa daga kasuwancin gida, duk sai an juya su zuwa dala an rubuta. Babu yarjejeniyar haraji tsakanin Amurka da Najeriya ko Nijar, amma harajin da aka biya a gida ana iya rage shi daga na Amurka da fom 1116, in akwai rasit. Bayan wannan akwai rahotannin da ba kuɗi ake biya ba, sanarwa ce kawai, amma tarar rashin yin su tana da zafi. Idan jimillar abin da ke asusunka na waje, na naira da na sefa da na dala, ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne a shekara, sai ka shigar da rahoton FBAR. Asusun da kake da ikon sa hannu a kai yana ciki ko da kuɗin ba naka ba ne, kamar na mahaifiya ko na ƙungiyar dangi. Gado ko kyauta daga wanda ba Ba'amurke ba, in ya wuce dala 100,000 a shekara, ba a biyan haraji a kansa amma sai an sanar da fom 3520, in ba haka ba tara tana iya cin kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyar. Mai katin zama kuma kada ya kuskura ya cike 1040-NR, takardar waɗanda ba mazauna ba, don an ce masa ta fi sauƙi. Da hannunsa ya rubuta wa gwamnati cewa ba a nan yake zaune ba.

Sauran ƙananan wajibai ba su da wuya, mantuwa ce ke kawo su gaba. In an tashi daga gida a sanar da USCIS sabon adireshi cikin kwana goma. Namiji mai shekara 18 zuwa 25 ya yi rajistar Selective Service, ta masu iya aikin soja. Kada a yi rajistar zaɓe, ko da ma'aikacin ofishin lasin tuƙi ne ya miƙo takardar, kada kuma a taɓa cewa ni ɗan ƙasa ne a fom ɗin neman aiki. Wannan ƙaryar tana cikin 'yan kaɗan da kusan babu afuwa a kansu, aure ma ba ya wanke ta.

Wanda ya auri ɗan ƙasa yana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara uku da samun kati maimakon biyar, da fom N-400, in har suna tare a tsawon lokacin, kuma ya kwana a cikin ƙasar aƙalla wata 18 daga ciki. A ranar wannan intabiyu jami'i yana da fayil ɗin tun daga bizar farko da mutum ya taɓa nema. Zai tambayi tafiye-tafiye da kwanakinsu, aure nawa aka taɓa yi, 'ya'ya nawa ne a duniya duka, da ko akwai harajin da ba a biya ba. Yaron da aka ɓoye a DS-260 shekara shida baya a nan yake fitowa.

In an wuce an yi rantsuwa, ɗan Najeriya na haihuwa ba ya rasa ƙasarsa, sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 ya bar masa duka biyun. Zai fita Amurka ya shiga da fasfonta, ya sauka Kano da koren fasfonsa, saboda haka kada ya bari na gida ya mutu. Nauyin I-864 ya sauka daga wuyan wanda ya tsaya masa, ƙidayar kwanakin tafiya ta ƙare, yana iya komawa gida ya shekara ashirin ba wanda zai karɓe masa komai. Haraji ne kaɗai ba ya sakinsa. Amurka tana cikin ƙasashe ƙalilan da ke bin ɗan ƙasarsu da takardar haraji duk inda yake zaune, don haka ko ya yi ritaya ya koma Daura yana noma, in abin da yake samu da abin da ke asusunsa suka kai ma'aunin da aka sa, zai ci gaba da cike takardar haraji ta 1040 da FBAR duk shekara.